Ɗari Huɗu da Sha Bakwai

"Mama, Kaka a ɗakina zai mutu, ko sai ya koma Tawa?"

Hawa ce ta yi tambayar, bakinta cike da burodi, tana kaɗa ƙafafu a ƙarƙashin tebur. Shamsiya ta tsaya cak da butar shayi a hannu. Shekarar yarinyar shida, kuma tun da aka kwashe kayan wasanta aka shimfiɗa wa kakanta gado a ɗakinta, wata uku ke nan, kowace magana tata a kan ɗakin nan take ƙarewa.

"Rufe min baki. Wa ya koya miki wannan magana?"

Malam Dodo, mahaifin Shamsiya, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi sai ya ce, "Ƙyale ta. Amaryata ta ƙosa da tsohon miji, ɗakinta take so."

"Kaka," in ji Hawa, tana jan sunan kamar yadda ta saba in tana neman wasa.

Tsohon ya miƙe ƙirji, ya kai hannu goshi. "Quatre cent dix-sept, présent."

Iyakar Faransancinsa ke nan: ɗari huɗu da sha bakwai, ga ni. Tun Shamsiya tana ƙarama a Tawa yake amsa kiran yara da wannan magana, su yi ta dariya, suna cewa Baba na wasan soja. Ba wanda ya taɓa tambayarsa inda ya samo ta. Ba a tsare uba da tambaya.

Hawa ta yi ɗan tari, ragowar murar da ta kwaso a makaranta. Malam Dodo ya sa hannu a wuyan rigarsa ya zaro wata laya mai kusurwa huɗu, fatar ta yi baƙi da zufa da shekaru, ya rataya wa jikarsa. Kafin igiyar ta zauna a wuyan yarinyar Shamsiya ta dire butar ta fizge layar.

Ta ga yadda idon mahaifinta ya canza, amma ba ta ba da haƙuri ba. Ta ajiye layar a gabansa ta tura Hawa ta wanke hannu, da sabulu, sau biyu.

Wata biyu da suka wuce da ba za ta yi haka ba. Likitan da ya duba hoton huhun tsohon ne ya fara buɗe maganar. Ya tambaya ko yana shan taba. Bai taɓa ba. Ko ya yi aikin haƙar ma'adinai? Shamsiya ta fassara, tana jiran ya ce a'a, don ita dai ta san shi da sayar da albasa. Sai ya ce ya yi lebura shekara biyu yana saurayi, can arewa, gaba da Tamanrasat, a wani wuri da ake kira In Eker, suna haƙa rami cikin dutse wa sojan Faransa. Likitan ya ajiye biro ya dube shi. A ranar Shamsiya, wadda ta gama makaranta, take aikin jinyar tsofaffi a Saint-Denis kusa da Paris shekara takwas, ta san cewa cikin ramukan da ubanta ya haƙa ake gwajin bom na nukiliya.

A gida ta ciro sauran labarin daga bakinsa, kaɗan kaɗan, kamar mai cire ƙaya. Wata rana da hantsi dutsen ya tsage. Wani baƙin hayaƙi ya fito ya nufo su. Masu mota suka shiga mota, masu ƙafa suka bi da ƙafa. Daga baya aka jera su tsirara aka wanke su da tiyo, washegari suka koma aiki.

Shamsiya ba mai kuka ba ce, mai neman takarda ce. Ta gano akwai dokar da Faransa ta yi a 2010 domin waɗanda gwaje-gwajen suka taɓa. Abu uku take nema: mutum ya zauna a wurin, a cikin shekarun da aka kayyade, kuma cutarsa tana cikin jerin cututtuka ashirin da uku. Ciwon dajin huhu yana cikin jerin. Sauran biyun kuwa sai da shaida. Sau biyu ta rubuta wa ofishin da ke duba takardun, sau biyu aka amsa mata cikin ladabi cewa a kawo hujjar zama a wurin. Wace hujja? Mutumin da ko takardar haihuwa sai da ya yi furfura aka yi masa?

Abin da take so bai da yawa. Takarda ɗaya mai hatimi, wadda ta ce Dodo yana In Eker ranar da dutsen ya tsage, kuma ta iso yana da rai a karanta masa. In wata rana wani likita ya ajiye biro ya tambayi Hawa tarihin gidansu, ta sami abin miƙa masa, ba labarin kaka kawai ba.

Mijinta Abdourahamane, direban motar kai kaya, bai ga amfanin wahalar ba. "Shamsiya, mutanen nan sun daina tun 96. Sun sa hannu a yarjejeniyar daina gwaji, sun rufe wuraren. C'est fini, an gama. Ki bar tsoho ya huta."

"Sun sa hannu," ta ce. "Huhun Baba bai sa hannu ba."

Wata abokiyar aikinta ce ta ba ta lambar wata ƙaramar ƙungiya a Lyon mai taimaka wa tsofaffin ma'aikatan wuraren gwaji. Wanda ya ɗauki wayar, Monsieur Michel, shi ma ya yi aikin soja na dole a In Eker. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya tambaya ko an taɓa ba mahaifinta wani ɗan abu ya rataya a wuya ko ya maƙala a riga. Ƙarami, mai kusurwa huɗu. A cikinsa akwai ɗan fim irin na hoto, nannaɗe a takarda, wanda ke nuna yawan gubar da jiki ya ɗauka. A jikin takardar akwai lamba. Da lamba ana iya neman suna a rajista.

Shamsiya ta tuna da layar wuyan mahaifinta. Ta san abin. Ta yi wasa da shi tana goye a bayan yayarta.

Ranar da ta fizge layar daga wuyan Hawa, bayan ta kai yarinyar makaranta ta dawo, ta durƙusa gaban gadonsa.

"Baba, ku yi haƙuri da abin da na yi ɗazu. Amma ku ba ni ita in kai a buɗe."

"Ba a buɗe laya."

"Ba laya ba ce, Baba. Abin awo ne."

"Wanda ya rataya mini ita ya ce kada in cire ta, ko wurin barci, ko wurin kama ruwa. Abin da ake rataya wa mutum a ce kada ya cire, a wurin da mutuwa ke yawo, me sunansa a garinku?"

"Ai cewa suka yi ku mayar duk wata, a duba."

"Sun zo karɓa. Na ɓoye tawa a bakin salka na ce ta ɓata. Yaya za a ba ka tsari ranar ɗaya ga wata a ƙwace ranar talatin? Daga nan ba su ƙara ba ni wata ba, ni ma ban nema ba." Ya ja numfashi, ƙirjinsa yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. "Bukari abokina, tare muka tafi daga Tawa. Shi mai biyayya ne, duk wata sai ya mayar da tasa. Bai ga arba'in ba. Ni ga ni, tamanin."

Duk karatunta ba ta sami inda za ta kama maganar ba. Ta tashi ta shiga kicin ta wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Ranar Talata aka kwantar da shi a asibiti na kwana huɗu. Da za a shigar da shi na'urar ɗaukar hoto, ma'aikaciyar ta ce a cire duk abin da ke wuya. Ya daɗe yana jinkiri, sannan ya zare igiyar ya danƙa wa 'yarsa a tafin hannu, ya rufe yatsunta da nasa.

"Auta, amana."

"To, Baba."

Washegari Laraba, ba makaranta, ba kuma wanda za ta bar wa Hawa. Ta nannaɗe layar cikin takardar alminiyam, ta sa a gwangwanin madara, ta sa gwangwanin a jaka, ta ɗora jakar a can ƙarshen taragon jirgin ƙasa, nesa da kujerar yarinyar. Awa biyu daga Paris zuwa Lyon. Hawa ta yi ta ƙirga shanu ta taga. Shamsiya kuwa kalmar nan ta amana ce ke bin ƙarar ƙafafun jirgin a kunnenta, kuma ba ta so ta ji ta.

Ofishin ƙungiyar ɗaki ne guda a saman wani gidan burodi a unguwar Guillotière, cike da kwalaye har rufi. Monsieur Michel dogo ne mai rawar hannu, da tabon tiyata a wuya. Ya ba Hawa biskit ya ba uwar kujera. Kafin komai ya ɗauko wata 'yar na'ura mai auna gubar nukiliya ya zagaya layar da ita. Na'urar ta yi ƙas, ta yi shiru, ta sake ƙas.

"Ba komai a jikinta, madame. Bangon nan ma ya fi ta ƙara. Yarinya na iya taɓawa."

Shamsiya ta ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗarta, wani kuma ya hau. Ashe a banza ta kunyata tsoho gaban jikarsa.

Hawa ta nuna wata doguwar takarda da ke manne a bango, da sunayen ƙasashe a jere, wasu da jan layi a ƙarƙashi. "Monsieur, wannan mene ne?"

"Alkawari ne, 'yammata. Ƙasashe suka taru suka ce ba wanda zai ƙara gwada bom, ko a sama, ko a ruwa, ko a cikin dutse."

"Sun cika?"

Tsohon ya dubi Shamsiya kafin ya amsa. "Yawancinsu sun daina. Amma alkawarin bai zama doka a kan kowa ba tukuna. Sai waɗannan masu jan layi sun gama amincewa. Tun 1996 ake jiransu."

"Ita ma takardar jira take," in ji Shamsiya. Ta tura masa layar. "Ku buɗe, Monsieur, kafin in fasa."

Ya ɗauko reza. Fata ta farko baƙa ce. A ƙarƙashinta akwai wata ja, ɗinkin wani badukun daban, a ƙarƙashin jar kuma wata koriya da ta bushe kamar ganye. Sau uku Malam Dodo ya sake wa abin nan riga a shekara sittin da biyu. Da fatar ƙarshe ta rabu, sai ga ɗan gidan roba, ya yi rawaya. Monsieur Michel ya ɗaga shi ya duba.

"Shi ne," ya ce a hankali. "Irinsa na rataya."

Ya sa farce ya ɓalle murfin. Takarda ce a ciki, a ninke ƙanana ƙanana. Ya warware ta a kan tebur. Rubutun tawada ne na alƙalamin kara, layi bakwai, da hatimin malamai a ƙasa. Ko ba a gaya mata ba Shamsiya ta gane ayar da ake rubuta wa matafiyi.

Ba fim. Ba lamba.

Ta juya gidan robar, ta leƙa cikinsa, ta girgiza shi, ta bincika tsakanin fatun uku ɗaya bayan ɗaya. Ta ji kamar ta ɗauki kwalayen ɗakin nan ta watsa ta taga. Ta ci amanar ubanta, ta tsallaka rabin ƙasa da yarinya, don ta ga rubutun da ake samu a kowane zaure na Tawa.

"Gidan robar bai isa ba?" ta tambaya.

"Za mu ɗauki hotonsa mu sa a takardun. Amma za su ce ana iya tsintar irinsa." Ya cire tabarau ya murza ido. "Ni nawa na mayar duk wata, sunana yana rubuce ko'ina, duk da haka shekara tara na yi ina rubuta wasiƙu. Leburori kuwa da yawa ba a rubuta sunansu daidai ba. Da lamba ake kiransu. Ina jin su kowace safiya daga tantinmu, sajan yana kira, suna amsawa ɗaya bayan ɗaya."

Hawa, wadda ta gaji da zama, ta diro daga kujera. Ta haɗa ƙafafu ta kai hannu goshi, da garin biskit a haɓarta.

"Quatre cent dix-sept, présent."

Monsieur Michel bai yi dariya ba. Ya kafa wa yarinyar ido har ta tsorata ta ɓuya bayan uwarta.

"A ina ta ji wannan?"

"Wurin kakanta," in ji Shamsiya. Shekara talatin da ɗaya tana jin wannan magana. Ta yi dariyarta, ta kwaikwaye ta, ta koya wa 'yarta yadda ake jan ta. Ta rubuta wasiƙu biyu tana cewa ba su da komai.

Tsohon ya rubuta lambar a takarda da manyan baƙaƙe, ya ja mata layi. Sannan ya gaya mata gaskiya ba tare da ya sassauta ba. Za su nemi a duba rajistar leburori, in tana nan, in kuma an yarda a buɗe ta. Lambar da ta fito daga baki ba takarda ba ce. Sai shi mai lambar ya ba da labarinsa da kansa, da sunan wuri da na shugaban aiki da abin da ya gani, a ɗauki muryarsa, a rubuta, ya sa hannu.

"Kada ki jira mako mai zuwa, madame. Na sha zuwa gidaje na tarar an kwashe gado."

Ranar Alhamis da la'asar ta shiga ɗakin asibitin. Maganin da aka ɗura masa ya tsotse shi, fuskarsa ta koma kamar ta wani. Bai amsa gaisuwarta ba sai da ya miƙo hannu.

Ta zuba masa abin da ke cikin gwangwanin a kan bargo: fata uku a yanke, gidan roba, takarda a ninke.

Ya daɗe yana kallonsu. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Kin sami abin da kike nema?"

"A'a, Baba. Ina abin da ke ciki?"

"Da kin tambaye ni da na hutar da ke tafiya." Muryarsa ta dushe, sai da ta matso. "A hanyar dawowa na kai wa wani malami a Agadas ya duba mini ita. Ya buɗe, ya ce Nasara sun cuce ka, sun ba ka laya ba sunan Allah a ciki, sai wani baƙin ɓawo. Ya jefa shi a wuta ya rubuta mini ta gaskiya."

"Na tambaye ku, Baba. Cewa kuka yi ba a buɗe laya."

"Ba ki tambayi abin da ke ciki ba. Cewa kika yi in ba ki."

Ta ciro waya ta ajiye a kan matashi kusa da bakinsa, ta bayyana masa abin da ake bukata: lambarsa, sunan sajan, ranar da dutsen ya tsage, duk abin da ya tuna.

Ya juya fuska wajen taga. "Ki ɗinke mini kayana tukuna."

Babu baduku a hawa na shida na asibiti. Ta roƙi allura da zare wurin wata ma'aikaciya 'yar Kamaru, ta zauna a bakin gado tana tura allura cikin fatar da ta ƙi huduwa. Ta soki yatsa sau biyu. Ɗinkin ya fito a karkace, farin zare a kan baƙar fata. Ta rataya masa. Ya shafa ta da babban yatsa, ya lalubi inda aka yanka.

Ta danna wayar.

"Sunana Dodo, ɗan Tawa," ya ce. Ya huta. "Quatre cent dix-sept." Ya sake hutawa. "Sajan ɗin wani ja ne, mai gashin baki, muna ce masa..." Tari ya kama shi, ya daɗe bai sake shi ba. Da ya lafa, idanunsa a rufe suke. "Gobe, Auta. Labarin da tsawo."

Daƙiƙa arba'in da ɗaya wayar ta nuna.

Washegari ya ƙara minti biyu. Ranar da aka sallame shi ya ƙara ɗaya, a ɗakin Hawa, yarinyar tana zaune a ƙasa tana yi masa gyaran Faransanci. Sunan sajan bai dawo ba. Shamsiya ta rubuta abin da ta samu, ya dangwala yatsa, ta haɗa da hoton gidan roba ta aika.

Amsa ta zo bayan mako uku, a farar ambulan mai kyau. An karɓi takardunta, ana godiya. Za a nemi bayani daga inda ya dace, kuma duba irin wannan al'amari yakan ɗauki watanni da dama. Ta karanta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu. A jakarta akwai wata takardar, ta likita, ita ma da maganar watanni a ciki, amma nata ba su da yawa. Ta ninke su tare ta hau bene. Tun daga matakala take jin muryar Hawa tana kiran Kaka, ta tsaya da makulli a hannu tana sauraro, har amsar ta zo, can ƙasa ƙasa.

Kai mai karatu, in akwai tsoho a gidanku da ke maimaita magana ɗaya shekara da shekaru kuna dariya, kada ka bari sai likita ya ajiye biro. Zauna gabansa yau, tun numfashinsa yana kaiwa ƙarshen jimla, ka tambaye shi inda ya samo ta, ka rubuta. Masu hatimi ba sa sauri, kuma ba za su tambaye shi a madadinka ba.